Kaya goma a kan tebur, babu wanda manomin Kura ya zo nema

Jama'a, yau zan ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Makon jiya na raka ƙanina wani ƙaramin banki, irin waɗanda ake kira maikrofainans. Yana da 'yar gonarsa a bakin kanal wajen Bunkure, yana neman bashin taki da iri don noman rani. Ma'aikacin ya tarbe mu da fara'a, ya miƙo mana takarda mai ƙyalli. A ciki akwai bashin ma'aikata, bashin sayen waya, bashin Adaidaita Sahu, na'urar POS, sola a biya kaɗan-kaɗan, asusun yara, har da manhajar waya. Ƙanina ya ce, "Yallaɓai, na noma fa?" Ya ce akwai, amma za a fara biya bayan sati biyu, kuma duk sati. Ƙanina ya dube shi ya ce, "Yallaɓai, shinkafar tawa duk sati take haihuwa?" Muka tashi hannu rabbana.

Wannan fa shi ne abin da ƙananan bankunanmu suke kira faɗaɗa harkoki. Ni kuwa na ce tara tarkace ne.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin marigayi Audu Baƙo, rayuwar Kura da Bunkure da Garun Malam a kan ruwan kanal take tafiya. Shinkafa tana cin wata uku zuwa huɗu kafin a yanke. Alkama ana shuka ta da sanyi, sai wajen Maris a girbe. Tumatur kuwa lokaci guda yake nuna wa kowa, ka je Kwanar Gafan ka ga kwando ya faɗi warwas. Manomi yana kashe kuɗi wata da watanni, ya karɓi nasa sau ɗaya. Wanda ya ce masa ya biya duk sati, ya tura shi ne ya sayar da akuyar matarsa, ko ya ci wani bashin don ya biya wannan.

Tsarin biyan sati-sati ba wahayi ba ne. Daga bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangaladash ya yaɗu, kuma ya fi dacewa da mai ƙaramar sana'ar da kuɗi ke shigo mata kullum. Su kansu masu abin, bayan ambaliyar 1998 ta hana jama'a biya, sun sake fasalin bashinsu suka sassauta shi yadda zai bi halin mai karɓa. Mu da muka kwafo, mun riƙe tsohon yayi kam-kam.

Na san abin da manajoji za su ce: noma akwai haɗari, gara a raba ƙafa. Gaskiya ne, kuma kuɗin masu ajiya amana ne. To amma ku duba da kyau. Wa yake hawa Adaidaitar da kuka ba da bashinta? Wa yake cire kuɗi a wajen mai POS? Wa yake kai shanshera injin casa, wa yake sayar wa mata masu turara shinkafa? Duk manomin nan ne. A 2016, da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatur, har masana'antar Ɗangote ta Kadawa sai da ta tsaya saboda rashin kaya. Mai kwando, direba, ɗan dako, mai shayi, kowa ya ji a jikinsa. Kenan in ka ba mutum goma bashi iri goma, amma dukkansu daga kanal ɗaya suke sha, ba ka raba ƙafa ba. Suna kawai ka sauya wa haɗari ɗaya.

Sannan kowane sabon abu yana buƙatar ma'aikacin da ya san shi da lissafinsa daban. Bankin da ma'aikatansa ba su cika ɗaki ɗaya ba, ya ɗauko harka bakwai, wa zai bi sawun kowacce? Ba mu manta ba, a 2010 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin ƙananan bankuna 224, a watan Mayun 2023 kuma ya sake soke na 179. A nan Kano an kafa guda 37 a zangon Kwankwaso na biyu. Ba siyasa nake ba, kowa ya leƙa na ƙaramar hukumarsa ya gaya mana a wane hali yake.

Kuma da banki ya juya baya, ina manomi yake zuwa? Wajen mai ba da kaka. Ya karɓi taki yau, ranar girbi ya biya da buhu a farashin da aka yanka masa tun yana cikin matsi. Muna zagin mai ba da kaka, amma shi ya san kalandar gona, ya san ba a tambayar manomi kuɗi sai kaka. Abin kunya ne a ce ya fi banki mai lasisi fahimtar abokin cinikinsa.

In da gaske ake son faɗaɗawa, ga inda za a fara:

Na ɗaya, bashin noma da za a biya bayan girbi, na shinkafa daban, na alkama daban, na tumatur daban.

Na biyu, bashin ajiya. Manomi ya kai buhunansa sito, a ba shi wani kaso na kuɗinsu, ya sayar in kasuwa ta daidaita, maimakon ya karyar ranar da kowa ke karyarwa.

Na uku, inshorar amfanin gona a haɗe da bashin. Hukumar NAIC don haka aka kafa ta.

Na huɗu, tsarin da ba ruwa. Da yawa cikin mutanenmu kuɗin ruwa ne ya hana su taka ƙofar banki. Murabaha da cinikin salam sanannu ne a fiƙihu, Sudan ta daɗe tana amfani da salam wajen ba manoma jari, kuma Babban Banki ya ba da damar kafa ƙananan bankuna marasa ruwa.

A yi ɗaya, a gwada shi shekara guda da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a ga ya zauna, sannan a ƙara na biyu.

Mu ma manoma da namu laifin. Abin da wasu suka yi da bashin Anchor Borrowers, suka ɗauke shi rabonsu na gwamnati, shi ya sa yau ake kallon kowa da ido ɗaya. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya, ƙofa ya rufe wa maƙwabcinsa.

Ƙanina dai ya koma wajen mai ba da kaka, don ruwa ba ya jiran takarda. Duk wanda ya san bankin da yake jiran girbi a yankin nan, don Allah ya faɗa mana sunansa, ni da kaina zan tallata shi kyauta.

Allah Ya ba mu damina da rani masu albarka.