Shingen da Ya Zama Annoba

Akwai wata ƙaramar bishiya mai ƙaya da masana tsirrai ke kira Rhamnus cathartica, 'yar dangi ɗaya da magarya da kurnarmu. Asalinta Turai ne da yammacin Asiya da arewa maso yammacin Afirka. Labarinta ya dace mu yi nazari a kai.

Takan kai mita shida ko fiye. Ganyenta ƙanana ne masu ƙananan haƙora a gefe, ƙarshen rassanta kuma yakan zama ƙaya. Furenta kore-kore ne, na namiji a kan wata bishiya, na mace a kan wata. 'Ya'yanta baƙaƙe ne kamar ƙananan duwatsun ado, kuma suna sa gudawa. Idan sanyi ya shigo, sai ta kaɗe ganye.

A gidanta na asali tana da daraja a lambu. Tana jure yanka, don haka ta dace da shinge. Tsuntsaye na cin 'ya'yanta, wani malam-buɗe-littafi rawaya na Ingila kuma a kan ganyenta 'ya'yansa ke girma. Masu zane na dā ma daga 'ya'yanta suke samun koren launi.

A ƙarni na 19 aka kai ta Amurka ta Arewa domin shinge da ado. Can ba ta tarar da abokan gabarta ba. Tana riga sauran tsirrai fitar da ganye, tana kuma daɗewa ba ta zubar ba, sai inuwarta ta danne na ƙasa. Tsuntsaye suka yaɗa irinta cikin dazuzzuka, ƙwarin da ke ɓarnar waken suya kuma a jikinta suke fakewa lokacin hunturu. Yau jihar Minnesota ta haramta sayar da ita.

Mai karatu, mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Bishiyar Prosopis da aka shigo da ita daga nahiyar Amurka don tare hamada ta mamaye gonakin ban-ruwa a Sudan da wasu filayen tafkin Chadi.

Kafin hukuma ko mai lambu ya dasa baƙuwar bishiya, ya kamata a tambayi masana yadda za ta yi cikin shekara hamsin. Mai neman shinge kuwa ya fara duba magarya da kurna. Suna da ƙaya, suna jure fari, awaki na cin ganyensu, yara kuma na tsintar 'ya'yansu.