Famfon Mai: Kada A Buɗe Tanki A Tsakar Gida

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, mai mota a ƙasar nan ya koma ƙirga kowace naira. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kayan gyara suka bi sahu, kuɗin aikin makaniki ma bai tsaya ba. Shi ya sa yanzu a yankinmu na Jega da Aliero da Maiyama, da zarar mota ta ƙi tashi, sai matashi ya kalli bidiyo a waya, ya hau mashin ya sayo famfon mai a Jega, ya dawo gida ya ɗage kujerar baya ya kama aiki.

Ba na ganin laifinsa. Mutumin Kashin Zama ko Sabiyal da motarsa ta mutu a ƙofar gida lokacin kwasar albasa, ga buhuna suna jira, ga kuɗin jan mota zuwa gareji, dole ya yi tunanin mafita. Amma ra'ayina shi ne, mai mota ya koyi gane ciwon famfo da hanyar tsare shi, buɗe tanki kuwa ya bar wa gareji.

Dattawan direbobi za su ce ai da can da hannunsu suke canjawa. Gaskiya ne. A zamanin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, famfon a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, yana tura mai a hankali zuwa kabureta. Noti biyu da tiyo biyu, an gama. Motocin yau, irin su Golf da Corolla da Camry da suka cika hanyar Jega zuwa Koko, famfonsu na lantarki ne, kuma a nutse yake cikin tanki. Yana tura mai da ƙarfin da ya ninka na da sau da yawa, kuma ƙarfin nan yana nan maƙale a cikin tiyo ko bayan an kashe mota. Wanda ya zare tiyon bai sauke shi ba, fetur zai feso masa a fuska da riga.

Babban haɗarin ma ba ruwan fetur ɗin ba ne, tururinsa ne. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana rarrafe. To, dubi tsakar gidanmu. Ga katanga ta tare iska, ga murhu da sauran garwashi a kusurwa, ga janareta, ga yara sun kewaye mota suna kallo. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, buɗaɗɗen tanki tururi yake fitarwa ba ƙaƙƙautawa. Tartsatsi ɗaya daga wayar da aka manta ba a cire daga batir ba ya isa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Akwai kuma asarar da ba ta wuta ba. Sau da yawa famfon da aka cire lafiyarsa ƙalau. Fiyus ne ya ƙone, ko rile ya daina aiki, ko filta ta toshe, ko waya ta saki. Yawancin waɗannan kam mai mota zai iya dubawa a gida ba tare da ya taɓa tanki ba. Murɗa makulli wuta ta kawo, kada ka tayar da inji, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfo mai rai zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku ya yi shiru. In ba ka ji komai ba, buɗe akwatin fiyus, zaro na famfon ka ɗaga shi ga haske, za ka ga ko siririyar wayar cikinsa ta tsinke. In kuwa motar tana shaƙewa a kan tudu ko idan ta ɗauki kaya, ko ta mutu bayan doguwar tafiya ta tashi bayan ta huce, ko gurnanin ya koma kuka mai tsini, to famfon ya fara ban kwana, a nufi gareji tun tana tafiya da ƙafarta.

Me ke kashe famfunan nan tun kwanansu bai ƙare ba? Mu ne. Fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Tunda mai ya yi tsada, da yawanmu lita biyu ko uku muke zubawa, jar fitila ta zama abokiyar tafiya. Famfo sai ya yi ta aiki a zafi, yana zuƙar iska da dattin gindin tanki. Ga kuma man jarka na 'yan bumburutu a bakin hanya, wanda ƙura da ruwa ba sa rasa hanyar shiga cikinsa. Ko na gidan mai ba kullum ake shaidarsa ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, masu motoci a Legas da Abuja suka yi ta kukan lalacewar injuna.

Na san abin da za a ce mini: wasu makanikai ne suka kore mu. Ka ba da kuɗin sabo a sa maka tsoho, ko a ce famfo ne alhali fiyus ne. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma maganinsa tsayawa a kan aikinka. Sayo kayan da kanka, ka tafi da lambar da ke jikin tsohon, domin araha ba ta ado. Ka tsaya a gareji ka ga an cire fiyus an bar inji ya mutu da kansa don ƙarfin man ya sauka, an cire kan batir, an sa sabuwar rariya a bakin famfon, an zaunar da robar murfin tanki daidai. In robar nan ta karkace, warin fetur zai cika motar da kake ɗaukar iyalinka a ciki. A ƙarshe ka karɓi tsohon famfonka ka tafi da shi.

Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, kuma duk sanin da mutanen garin suka yi wa ƙashi, wanda ya karye ba ya ɗora kansa, wurin masu sana'ar ake kai shi. Haka ya kamata mu ɗauki tankin mota.

Su ma masu sana'ar akwai nasu nauyin. Shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama za su iya hana yaransu buɗe tanki kusa da mai walda, su tabbatar kowane gareji yana da tukunyar kashe gobara da bokitin yashi, su kuma hukunta duk wanda aka kama yana sayar da tsoho da sunan sabo. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta leƙa shagunan kayan gyara ta tsamo na jabu. Mu kuma masu motoci, komai tsadar mai, mu daure kada allurar mai ta sauka ƙasa da rubu'in tanki. Yawan man da mota za ta sha bai canja ba, bambancin kawai a zuba shi da wuri, kuma hakan ya fi sayen sabon famfo sauƙi.