SHARHI: Darasin Libiya ga masu kiran ƙasashen waje su ceci masu bore

Duk lokacin da jama'ar wata ƙasa suka fito kan tituna suna neman sauyi, gwamnati kuma ta amsa masu da harsashi, sai kira ya tashi cewa manyan ƙasashen duniya su shigo su yi ceto. Kiran yana da tushe, domin wanda ake harbi ba ya da lokacin muhawara a kan 'yancin ƙasa. Amma kafin a amsa shi, ya kamata a waiwayi Libiya, inda aka gwada wannan magani a 2011, kuma har yau yankin Sahel na ɗanɗana sakamakonsa.

Boren Libiya ya faro ne a Bengazi ranar 15 ga Fabrairu, 2011, bayan an kama lauya Fathi Terbil, wanda ke wakiltar iyalan fursunoni sama da 1,200 da aka kashe a kurkukun Abu Salim a 1996. A lokacin, guguwar sauyi ta riga ta kawar da Ben Ali a Tunisiya da Hosni Mubarak a Masar. Cikin 'yan kwanaki gabashin Libiya ya suɓuce daga hannun Mu'ammar Gaddafi, wanda ya shekara 42 kan mulki. Ya fito ya kira masu boren ɓeraye, ya kuma sha alwashin binsu gida-gida. Zuwa tsakiyar Maris, dakarunsa sun ƙwato garuruwa da dama, sun doshi Bengazi.

Hujjar masu goyon bayan shiga

Masu cewa a shiga suna da hujja mai nauyi. A 1994 duniya ta zura ido aka kashe mutum kimanin 800,000 a Ruwanda. Wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa Tarayyar Afirka ta sanya sashe na 4(h) a dokar kafuwarta ta 2000, wanda ya ba ta ikon shiga ƙasa mamba idan ana kisan kiyashi ko laifukan yaƙi. A 2005 kuma shugabannin duniya suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa idan gwamnati ta gaza kare mutanenta daga irin waɗannan laifuka, alhakin zai koma kan sauran ƙasashe.

A kan wannan turba Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 ranar 17 ga Maris, bayan Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta nemi a hana jiragen Gaddafi shawagi. Ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace: Rasha, China, Jamus, Indiya da Brazil. Ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a lokacin, wato Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon, duk sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Ƙudurin ya ba da izinin ɗaukar duk matakin da ya wajaba don kare fararen hula, ya kuma haramta girke sojojin mamaya. Ranar 19 ga Maris jiragen Faransa suka fara luguden wuta, kuma dakarun Gaddafi ba su ƙwace Bengazi ba. Mazauna birnin da yawa na ganin hakan ne ya ceci rayukansu, kuma ba adalci ba ne a yi watsi da shaidarsu.

Inda manufa ta sauya

Matsalar ta taso ne bayan an kawar da barazanar da ke kan Bengazi. A tsakiyar Afrilu, Barack Obama, David Cameron da Nicolas Sarkozy suka fitar da rubutu na haɗin gwiwa, inda suka nuna cewa babu makoma ga Libiya muddin Gaddafi na kan mulki. Daga nan ƙungiyar NATO ta zama tamkar rundunar saman 'yan tawaye, alhali ƙudurin bai ambaci kifar da gwamnati ba.

Tarayyar Afirka ta kafa kwamitin shugabanni biyar, na Afirka ta Kudu, Mali, Muritaniya, Kongo da Yuganda, don neman tsagaita wuta da tattaunawa. A watan Afrilu wakilan kwamitin suka isa Turabulus, Gaddafi ya ce ya karɓi shirin, amma 'yan tawaye a Bengazi suka ƙi, saboda bai tanadi saukarsa nan take ba. Babu tabbacin cewa Gaddafi zai cika alkawari. Sai dai ɓangaren da jiragen ƙasashen waje ke share wa hanya ba shi da dalilin zama teburin sulhu, kuma a nan ne shisshigin ya fara rufe ƙofar siyasa. Turabulus ta faɗi a watan Agusta, aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba bayan an kai wa ayarinsa hari ta sama, NATO kuma ta tattara komatsanta a ƙarshen watan.

A 2016, Kwamitin Harkokin Waje na majalisar dokokin Birtaniya ya ce an zuzuta girman barazanar da ke kan fararen hula, bayanan sirrin da aka dogara da su ba su inganta ba, sannan aikin ya karkata zuwa sauya gwamnati ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba. A shekarar ce kuma Obama ya amsa cewa rashin tanadin abin da za a yi bayan faɗuwar Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa.

Waɗanda suka biya farashi

Gaddafi ya gina mulkinsa ne ta hanyar raunana hukumomi: babu jam'iyyu, babu rundunar soja mai ƙarfi da ke tsaye da ƙafarta. Da ya faɗi, sai ƙungiyoyi masu makamai suka cike gurbin. An yi zaɓe a Yulin 2012, amma zuwa 2014 ƙasar ta dare gida biyu. A Afrilun 2019 Khalifa Haftar ya kai farmaki Turabulus da goyon bayan Hadaddiyar Daular Larabawa, Masar da sojojin hayan Wagner na Rasha, Turkiyya kuma ta tsaya wa gwamnatin birnin. Zaɓen da aka tsara yi ranar 24 ga Disamba, 2021, bai yiwu ba. Ƙofar da aka buɗe wa baƙi da sunan ceto ba ta sake rufuwa ba.

Baƙaƙen fata na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. An zargi 'yan cirani daga Nijar, Chadi, Mali da Najeriya da zama sojojin hayan Gaddafi, aka kama wasu, aka kashe wasu, dubbai kuma suka dawo gida hannu rabbana, kuɗin da suke aika wa iyalansu ya yanke. An kori mutanen garin Tawarga baki ɗaya daga gidajensu. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon yadda ake gwanjon 'yan cirani.

Rumbunan makaman Libiya kuma sun kwarara zuwa kudu. Mayaƙan Abzinawa da suka yi wa Gaddafi aiki sun koma arewacin Mali, tawaye ya ɓarke a Janairun 2012, sojoji suka kifar da Amadou Toumani Touré a watan Maris, masu iƙirarin jihadi suka ƙwace Timbuktu, Gao da Kidal. Shugaba Mahamadou Issoufou na Nijar da Idriss Déby na Chadi sun yi gargaɗi a kan haka tun ana tsakiyar yaƙin. Ba Libiya ce ta haifi talauci, rashin adalci da sakacin gwamnatoci da ke ciyar da rikicin Sahel ba, amma ta ƙara masa fetur. An yi gyaran gangar Auzinawa, maƙwabta suka kwashi asara.

Ma'auni biyu

Kwana uku kafin ƙudurin 1973, sojojin Saudiyya kimanin 1,000 suka shiga Baharain don taimaka wa gwamnati murƙushe nata masu zanga-zangar. Amurka, wadda rundunar ruwanta ta biyar ke da mazauni a can, ba ta nemi wani ƙuduri ba. Ruwa ba ya tsami banza: ƙasashe na shiga inda muradunsu suka kai su, suna kawar da kai inda abokansu ke da laifi.

Siriya ta nuna wani ɓangaren darasin. Rasha da China, waɗanda suka ce an yaudare su a Libiya, sun hau kujerar na-ƙi tun daga Oktoban 2011. Masu goyon bayan shisshigi kan kafa hujja da dubban ɗaruruwan da suka mutu a can. Amma Siriya ba ta rasa hannun baƙi ba: Iran, Rasha, Turkiyya, Amurka da ƙasashen Larabawa duk sun zuba makamai ko sojoji, yaƙin ya kai shekara 13 kafin Bashar al-Assad ya tsere a Disamban 2024.

Abin da ya rage a yi

Ƙin jefa bama-bamai ba yana nufin naɗe hannu ba. Ƙuduri mai lamba 1970, wanda aka zartar baki ɗaya ranar 26 ga Fabrairu, 2011, ya hana sayar wa Libiya makamai, ya ƙwace damar taɓa dukiyar Gaddafi da iyalansa, ya miƙa lamarin ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Irin waɗannan matakai, tare da buɗe iyaka ga 'yan gudun hijira da tattara shaidar laifuka, suna matsa wa azzalumi ba tare da ƙwace boren daga hannun masu shi ba. A Sudan, bayan kisan 3 ga Yunin 2019 a Khartoum, dakatarwar Tarayyar Afirka da shiga tsakanin Habasha sun kai ga yarjejeniyar Agusta, duk da cewa sojoji sun rushe ta a 2021.

Idan kuwa kisan kiyashi ya tabbata har ƙarfin soja ya zama dole, Libiya ta bar sharuɗɗa guda huɗu: hujja ingantacciya, izini mai iyaka da ba za a faɗaɗa shi a tsakiyar hanya ba, sauraron maƙwabtan da wutar za ta fara lasa, da shiri na gaske game da wanda zai riƙe makamai da hukumomi washegari. Ba a cika ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata a 2011 ba. Matasan da suka fito a Bengazi sun nemi 'yancin zaɓen shugabanninsu, amma rabon Libiya da zaɓen ƙasa baki ɗaya tun 2014.