Aminatou Seyni da 'yan matan ƙauyukanmu

A watan Yulin 2022, a birnin Eugene na Amurka, aka yi tseren ƙarshe na mita 200 na mata a gasar duniya. Shericka Jackson ta Jamaika ce ta lashe. Wadda ta zo ta huɗu, lambar tagulla ta kuɓuce mata da ƙiris, ita ce Aminatou Seyni, 'yar maƙwabciyarmu Nijar. A shekarar ce kuma ta ci zinare a gasar Afirka da aka yi a Mauritius. Tun 2019 ta riga ta gudu mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a Lausanne.

Nijar ba ta fi mu arziki ba, rana ɗaya ke dukanmu. To, ina tamu Aminatun?

Wanda duk ya bi hanyar Bichi zuwa Kunchi, ko Ɗambatta zuwa Makoɗa da sassafe, ya ga 'yan mata da jarkar ruwa ko farantin talla a ka, suna bin kan iyakar gonaki da sassarfa, ko haki ba sa yi. Ƙafa akwai, numfashi akwai. Ba a dai taɓa samun wanda ya riƙe musu agogo ba.

Fili ma wahala yake a yankinmu. Gona manne take da gona, ko taku ɗaya ba a bari. Filin makaranta kaɗai ya rage, shi ma a wasu garuruwan da damina a shuka masa gyaɗa, da rani samari su mamaye shi da ƙwallo.

Na san abin da ke damun iyaye, wato sutura, kuma ba na raina wannan damuwa, domin ni ma ina da ita. Amma a 2006 a Doha, Ruqaya Al-Ghasara ta Bahrain ta ci zinare a mita 200 a gasar Asiya da hijabinta, jikinta a rufe ruf. Sutura ba ta hana gudu.

Shugabannin ƙananan hukumomin Bichi, Ɗambatta, Tsanyawa da Ghari (Kunchi a da), ku katange filayen makarantun 'yan mata, ku ɗauko malamai mata masu horarwa, ku shirya gasa sau ɗaya a shekara bayan an kai amfani gida. Waɗanda suka yi fice a kai su filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tare da iyayensu mata.