Tuwo Ba Ya Buƙatar Ƙudan Zuma, Amma Miya Tana Buƙata



Duk unguwar da mutanenmu suka zauna a Kudu, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba a Legas, daga Sabo ta Shagamu zuwa Ama Hausa ta Owerri da Bogobiri ta Kalaba, da wuya a rasa ɗan lambu. Wani a bayan gida yake shuka, wani a tsohon bokiti ko buhun siminti, wani kuma ya samu fili a bakin rafi ya mayar da abin sana'a. Tsadar kayan miya ta sa har waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun fara dasa tumatir da attaruhu da kuɓewa. Abu ne mai kyau, muna kuma fatan ya ɗore.

Sai dai akwai kukan da ake yawan ji daga masu irin wannan lambu. Shuka ta tashi, ganye ya yi shar, fure ya fito, amma 'ya'ya babu, ko kuma su fito 'yan ƙanana su yi rawaya su kakkaɓe. Wani ya ce ƙasar Kudu ce ba ta karɓar irin Arewa, wani ya ce ruwa ne ya yi yawa, wani ya ɗora laifin a kan mai sayar da iri. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya faruwa. Amma a ganinmu akwai dalilin da ba a cika kawo shi ba, shi ne an kori ƙwarin da ke yi wa fure barbara, an kuma kore su ne da feshi.

Ga yadda abin yake. Yawancin tsirrai ba sa 'ya'ya sai garin da ke jikin fure namiji ya isa cikin fure mace. Masara da gero iska ce ke ɗaukar musu wannan gari, shinkafa da dawa kuma galibi furensu kan wadatar da kansa. Shi ya sa hatsi bai damu da ƙwaro ba. Kabewa da kankana da agushi da kokwamba kuwa furensu namiji daban, mace daban, garinsu kuma yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Duk mai kabewa ya duba da safe zai gani: furen mace yana da ɗan ƙullutu a gindinsa, namiji ba shi da shi. Furen yana buɗewa da sassafe, kafin rana ta take ya rufe, ba kuma zai sake buɗewa ba. Idan a cikin waɗannan 'yan sa'o'i ƙudan zuma bai ratsa ba, wannan ƙullutun ba zai zama kabewa ba, ko taki nawa aka zuba. Kankana ma sai ƙudan zuma ya ziyarci fure ɗaya sau da yawa kafin ta cika sosai, in ba haka ba sai ta fito a karkace. Ugu da muka koyi ci a wajen maƙwabtanmu na nan, shi tsiro namiji daban yake da tsiro mace, ba za a samu irin shukawa ba sai ƙwaro ya haɗa su.

Ko tumatir da gauta, waɗanda kowane furensu ke ɗauke da namiji da mace a haɗe, sun fi ba da 'ya'ya idan aka girgiza furen garin ya zubo. Mai yin wannan aiki da kyau shi ne babban baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda katako ko gora ya yi gida, wanda yara ke bi da takalmi. Shi ma dangin ƙudan zuma ne. A duniya akwai nau'in ƙudan zuma sama da 20,000, mafi yawansu ba sa yin zumar da ake sha, ba sa zama a amya, wasu a rami suke a ƙasa, wasu a ƙaramin kogon itace. Akwai galla, 'yar mitsitsiya wadda ba ta harbi. Akwai malam-buɗe-littafi da 'yan'uwansa masu yawon dare, waɗanda ke yi wa gwanda aiki. Furen mangwaro kuwa ƙudaje ne suka fi zuwa masa. Kuka da ɗorawa, iyayen miyar kuka da daddawa, jemage ne ke ziyartar furensu da dare. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna amfana da irin waɗannan halittu, wasu kaɗan wasu gaba ɗaya.

Wanda ke ganin ƙaramin ƙwaro bai isa a yi dogon zance a kansa ba, ya dubi manja da koko, dukiyar ƙasar da muke zaune a cikinta. An kai kwakwar manja ƙasar Malesiya daga Afirka, amma aka bar ƙwaron da ke yi mata barbara a baya. Shekaru da dama ana biyan leburori suna bin itatuwa suna barbaɗa garin fure da hannu. Sai a farkon shekarun 1980 aka ɗauki wani ɗan ƙwaro mai kama da na hatsi daga Kamaru aka sake shi a gonakinsu, aikin hannu ya ƙare, amfani kuma ya ƙaru. Itacen koko da ake nomawa a Ondo da Osun da Kuros Riba, wanda ake yin cakulan da shi, wasu ƙananan ƙudaje ne da ido da ƙyar yake ganinsu ke yi masa wannan hidima, a cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko suke hayayyafa. Babu mai biyansu ko kwabo.

To, mene ne ke kashe su a gidajenmu? Babban abu shi ne feshi ba bisa ƙa'ida ba. Da an ga rami ɗaya a ganyen alayyafo sai a ɗauko kwalba, wani lokaci ma fiya-fiyar da ake zuba wa kyankyaso ce ake tsarma wa ruwa a watsa a kan abin da za a ci. A fesa da hantsi, lokacin da fure yake buɗe, ƙudan zuma na tsakiyar aiki. Guba ba ta tantance mai ɓarna da mai gyara. Tana kashe tsutsar da ke cin ganye, tana kuma kashe zanzaro da rina da ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo waɗanda ke cin tsutsar, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo da ke cinye darɓa. Ƙwarin ɓarna sun fi saurin hayayyafa, don haka su ke fara dawowa, su tarar babu mai cinsu. Sai mai lambu ya ƙara yawan magani, ya ƙara kashe kuɗi, amfanin kuma yana raguwa. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Wannan ba zancen Turawa masu son furanni ba ne kawai, gwamnatoci ma sun ɗauki mataki. A shekarar 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a gonakin fili, saboda suna shiga cikin jikin tsiro har su kai ga ruwan fure da garinsa, inda ƙudan zuma ke ci. A nan gida, a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin gubar da ake haɗa fiya-fiya da ita a kasuwanni da kantuna, saboda rayukan mutane da take ci. Abin da ke iya kashe babban mutum, ta yaya za a watsa shi a ganyen da yara za su sha a miya gobe?

Mun san akwai masu cewa, kuma suna da gaskiyarsu, ƙudan zuma ba abin wasa ba ne. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Irin namu na Afirka yana da zafi idan aka taɓa gidansa, ya sha halaka mutane da dabbobi. Yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da iyalai da dama, ga yara ko'ina, ga sauro da zazzaɓinsa. Don haka ba muna cewa kowa ya rataya amya a bayan ɗakinsa ba ne. Kiwon zuma wurinsa daban, nesa da gidaje da makarantu da hanyar jama'a. Amma a bambanta abu biyu. Ƙudan zuma da ke kan fure abinci yake nema, ba ya harbi sai an matse shi ko an taka shi. Gungun da ya sauka a reshen bishiya ya dunƙule kamar tulu kuwa matafiyi ne mai neman masauki, galibi yakan tashi cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki idan an ƙyale shi. Haɗari yana zuwa ne lokacin da yara suka fara jifa, ko wani ya zo da fetur da ashana, wanda sau da yawa gobara ce ke biyo baya. Idan sun yi gida a silin ko a bango, a nemo mai kiwon zuma ya kwashe su da dare, shi riba ce a wurinsa. Wanda aka harba a kankare ƙarin da sauri, idan kuwa fuska ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya fara wahala, ko harbin ya yi yawa, a garzaya asibiti nan take. Shi kuma sauro, gidan sauro mai magani da kwashe kwata da zubar da ruwan da ya kwanta su ne maganinsa, watsa guba a kan furen kuɓewa ba ya rage shi.

Abin da muke kira a yi bai fi ƙarfin kowa ba. Kada a yi feshi a kan shukar da ke cikin fure. Kafin a kai ga maganin kanti, a gwada tsince tsutsa da hannu, da toka, da ruwan sabulu marar ƙarfi, da jiƙon dakakken 'ya'yan darbejiya. Idan ya zama dole a yi feshi, a sayi wanda aka yi domin kayan lambu, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a fesa da yamma liƙis bayan ƙwari sun koma, a kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin a tsinka a ci.

A bar wasu tsirrai su yi fure. Daddoya idan aka bar gindi biyu suka yi kai, za a ga yadda ƙananan ƙwari ke cika su. Shuwaka tana fure da rani, lokacin da abinci ya yi musu ƙaranci. Zogale da riɗi da gwaiba da lemu duk abincinsu ne, namu ne kuma. Ba kowace ciyawa ce abokiyar gaba ba, a rage watsa maganin ciyawa a kowane lungu. A ajiye ruwa a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa domin su samu wurin tsayawa, a riƙa zubarwa ana sakewa duk bayan kwana biyu saboda kada sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Mai gidan kansa, idan zai yi daɓen siminti, ya bar ɗan gefe da ƙasa, ya ajiye tsohon gungume ko guntayen gora a can. Ƙudan zuma yana tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman fure, har ma fiye. Ke nan furen gidanka yana ciyar da amyar wanda ba ka sani ba, gubar gidanka ma haka take isa can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, abin sai unguwa ta haɗa kai.

A nan ne muke roƙon shugabanninmu. Sarakunan Hausawa da masu unguwanni su sa a samu lambar wayar mai kiwon zuma ko ɗaya a kowace unguwa, yadda idan gungu ya sauka za a san wanda za a kira kafin wani ya ɗauko fetur. 'Yan'uwanmu masu shagon maganin gona su riƙa gaya wa mai saye lokacin feshi da ma'auninsa, kada su tsiyaya wa kowa guba a kwalbar da babu rubutu. Masu sayar da zuma, waɗanda da yawansu mutanenmu ne, su suka fi kowa sanin cewa idan ƙudan ya ƙare sana'ar ta ƙare, su ƙarfafa wa masu kawo musu kaya gwiwa su daina ƙone gida gaba ɗaya domin zumar rana ɗaya. Malamanmu kuma suna da abin faɗa, domin sura ta 16 a Alƙur'ani mai girma sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas hani a kan kashe wasu halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 20 ga Mayu ta kowace shekara domin ƙudan zuma, an fara bikinta a 2018. Ranar tana faɗowa daidai lokacin da damina ta kankama a Kudu, dama ce ga makarantun Islamiyya da na boko su fita da yara su nuna musu furen kabewa namiji da mace.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kusa da ɗan lambun gida, ku ne kuma kuka fi sanin abin da kayan miya ke ci a kuɗin cefane. Kafin a ɗauko kwalbar feshi, a tsaya a duba ko ƙwaron da aka gani ganye yake ci ko cikin fure yake shiga. Idan fure yake shiga, a bar shi ya gama aikinsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu da iyalanmu, Ya sa mu dace. Amin.