Iyafis Ɗin Miliyan Ba Zai Gyara Maka Karatu Ba



Wannan makon za mu taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Tun da harkar littafi ta koma waya, da yawa daga cikinmu sun fara karanta labaransu da murya suna sakawa a YouTube ko su tura a WhatsApp da Telegram. Abu ne mai kyau, mu ma muna yi. Akwai uwar gida da aiki bai bar ta ta zauna da littafi ba, akwai dattijon da ido ya yi rauni, akwai wanda bai yi boko ba, duk ta kunne labari yake isa gare su. Sai dai tare da wannan ci gaba wasu sababbin malamai sun ɓullo, malaman sauti. Duk wanda ya kawo musu aikinsa amsa ɗaya ce: kayan aikinka ne ba su da kyau, nemi iyafis na ƙwararru, irin wanda ake kira IEM. Sai su jero maka Shure da Sennheiser da 64 Audio kamar masu kiran sunayen waliyyai. Mu dai mun ce wannan shawara tana cutar da masu tasowa, kuma ga dalilinmu.

Wani ɗan ƙungiyarmu a nan Danja, matashi mai hannu a rubutu, ya ɗauki maganarsu. Ya kwashe ribar tumatirin da ya noma da rani ya aika aka sayo masa. Ba na miliyan ba ne, amma kuɗin sun isa takin damina. Ranar da kayan suka iso muka taru kowa yana son ya ɗana. Mai kayan ya saka, ya yi jim, ya ce sautin siriri ne kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Wani ya karɓa ya saka ya ce wallahi kamar mai maganar yana cikin kansa. Kaya ɗaya, hukunci biyu. Ashe robar da ke bakin iyafis ɗin ce ta yi wa kunnen mai shi ƙanƙanta. Da aka canza ta da babba daga cikin kwali sai sauti ya cika. To amma labarin da ya naɗa bayan nan fa? Kukan janaretan maƙwabta yana nan, amsa-kuwwar ɗakin siminti tana nan, saurin karatunsa yana nan. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu yana jin su tar.

Bari mu faɗi asalin wannan na'ura, don masu tallata ta ba sa faɗa. An yi ta ne domin mawaƙan da ke kan dandamali cikin rugugin ganguna da ihun 'yan kallo, waɗanda ba sa jin muryar kansu. A 1995 wani injiniyan sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya haɗa wa Alex Van Halen, makaɗin ganga, irin wanda aka ƙera daidai da ramin kunnensa, daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Ƙananan sifikun da ake sakawa a cikin da yawansu kuwa daga na'urar taimaka wa masu raunin ji aka aro su. Wato aikinta na farko shi ne toshe hayaniyar waje ta kai maka sauti tsaf. Kunne ce, ba baki ba. Ba ta taɓa abin da makirfo ya ɗauka ko kaɗan.

Farashin fa? Shure SE846 ya fito a 2013 a kan kusan dala 1,000, da ƙananan sifiku huɗu a kowane kunne. Sennheiser IE 900 ya fito a 2021 a kan kusan dala 1,300, da sifika ɗaya tak a kowane kunne. Kowannensu a canjin yau ya haura naira miliyan ɗaya. Ku lura, mai sifika ɗaya ya fi mai huɗu tsada, saboda haka wanda ya ce muku yawan sifiku ne inganci bai san zancen ba. A gefe guda kamfanonin Sin sun cika kasuwa da masu araha, irin Moondrop Chu da ya fito a 2022 a kan kusan dala 20, kuma masu auna sauti da na'ura sun yaba masa. Ba mu ce na dala 20 da na dala 1,000 ɗaya ba ne. Mun ce tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar da ke tsakanin robar da ta zauna da wadda ba ta zauna ba.

Nan ne ya kamata a tsaya. Irin wannan iyafis yana aiki ne idan ya rufe ramin kunne ruf, iskar da ke tsakaninsa da dodon kunne ta zama a kulle. Da zarar an sami 'yar kafa, kaurin sauti ne yake fara zurarewa, murya ta koma siririya mai tsini. Ramin kunnen mutane kuwa ya sha bamban, kai ko na dama da na hagun mutum ɗaya ba lallai su zo ɗaya ba. Shi ya sa ake zuba roba ƙarama da matsakaiciya da babba a kwali, wasu har da ta soso mai kumbura a cikin kunne. Mafi yawanmu ba ma duba su, wadda muka tarar a jiki da ita muke tafiya har ta ɓace. Gwajin ba shi da wuya: saka, ka yi magana. Idan ka ji muryarka ta yi kauri a cikin kai kuma ƙarar fanka ta ja baya, ya zauna. Idan bayan rabin awa kunne ya fara zafi, ko yana zamewa duk lokacin da ka motsa muƙamuƙi, ba naka ba ne ko da nawa ka saye shi. Mai karanta babi ashirin muƙamuƙinsa ba ya hutawa, ga zafin bazara ga gumi. Wanda ya yaba wa kayan a ɗaki mai sanyi a Turai bai auna wannan ba.

Sannan wa muke karanta wa? Mai sauraronmu yana kasuwar tumatir ta Danja yana jiran mota ta cika, waya Itel a aljihun gaba. Ko yana gonar rake, ko tana bakin murhu an jingina wayar da bango. An tura musu labarin a memori a shagon caji, ko ya bi ta WhatsApp an matse shi. Ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da kaurin da kake jin daɗinsa a iyafis mai tsada. Idan ka daidaita muryarka da abin da kunnen miliyan ya gaya maka, kana iya sakin aikin da a wayar talaka ba a jin sa sai an manna ta da kunne. Hausa kuma ba ta yafe wannan. Tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ɗan bugu ne a maƙogwaro. Tsakanin gari na mutane da gari na tuwo, jan wasali ne. Mai karatun da ke haɗiye waɗannan ya kashe labarinsa tun kafin a zo maganar na'ura. Ku saurari yadda ake karanta labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016. Abin da ke riƙe mutum shi ne furuci da numfashi da sanin inda za a dakata, kuma a ƙaramar rediyo mafi yawan mutane suke jin sa.

Za a ce mana ai ƙwararru da shi suke aiki. Gaskiya ne, kuma ba mu hana mai hali ba. Iyafis mai toshe kunne yana da amfani biyu da ba ma musu. Yana tona asirin ƙananan kurakurai, irin tsakin leɓe da hucin numfashi da shuuu ɗin makirfo mai arha. Kuma da yake yana rage hayaniyar waje, ba sai ka ƙure ƙara ba. Wannan na biyun ya fi komai muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙara, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Amma duka amfanin nan biyu mai araha da ya zauna daidai yana ba da su. Wanda kuma kunnensa ya fara yi masa ƙara bayan ya cire, asibitin kunne na ƙasa da ke Kaduna ya fi masa kantin iyafis. Kuma don Allah kada a toshe kunne a hau babur a kama hanyar Funtua.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne yadda wannan magana take sa masu tasowa su ajiye aiki. Mun san wadda ta gama littafi, muryarta kamar an yi ta don rediyo, amma ta ƙi naɗa ko shafi ɗaya wai sai ta tara kuɗin kayan ƙwararru. Shekara ta zagayo ba ta tara ba.

Shi kuwa abokin namu mai tumatir, daga baya ya koma naɗa murya bayan sallar Asuba kafin a tayar da injinan niƙa. Ya rataya barguna biyu a bango, ya jingina katifa a bayan ƙofa, ya matso da makirfo kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, ya rage gudu. Idan ya gama tacewa sai ya tura wa ƙanwarsa a tsohuwar wayarta ta saurara tana wanke-wanke, duk inda ta ce "me ya ce?" ya koma ya sake. Iyafis ɗin yana nan yana amfani da shi, da babbar roba a dama, matsakaiciya a hagu. Takin bana kuwa bashi ya ci.