Keken Tsere: Awo Kafin Ado

Sau da yawa idan matasanmu za su sayi keken tsere, fenti da sunan kamfani da yawan giya suke dubawa. Ba kasafai ake samun mai tambayar ko keken ya yi daidai da tsawonsa ba, alhali galibin kekunan gwanjo da ake kawowa daga Turai an ƙera su ne da awon wasu mutane dabam. A ganina, keke mai araha da ya dace da jikin mutum ya fi mai tsada da ya yi masa girma.

Mai karatu, duba abin da ya faru a gasar Tour de France ta 1989. A ranar ƙarshe, Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50, saura kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. LeMond ya ɗaura wasu ƙarafa a kan kekensa, ya kwantar da hannuwa a kansu, ya matse kafaɗu, ya sa hular kwano mai tsini ta baya. Fignon kuwa kai ba hula, gashi yana ta kaɗawa. LeMond ya cinye gasar da daƙiƙa 8 kacal. Dalili shi ne, idan gudu ya yi gudu, iska ce babbar abokiyar gabar mai keke, kuma jikinsa ya fi keken tare ta.

Sai dai kafin maganar iska, a gyara sirdi. Akwai lissafin da ake jingina wa LeMond ɗin: a auna ƙafa daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0.883. Mai santimita 80 zai sami kusan 70.6, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar gindin feda da saman sirdi. Idan feda ta sauka ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa ya yi ciwo. Ya yi sama, ƙugu ya riƙa rangaji, ƙarfi yana zubewa a banza.

Inda nake saɓa wa wasu shi ne kwaikwayon ƙwararru ido rufe. Za ka ga yaro ya sauke kan keke ƙasa sosai don ya ga haka a talabijin, bayan minti ashirin wuya da baya sun ƙage, ya miƙe zaune yana tarar iskar da yake gudu. Su ƙwararrun shekaru suka yi suna horar da bayansu. Gara a riƙa sauke kan da kaɗan-kaɗan, a yi mako biyu ana hawa, sannan a ƙara.